Malam Maikano, Mai Yi Wa Inji Ƙaura

"In bai tashi ba fa?" in ji Alkasim mai hoto.

"Zai tashi," in ji Malam Maikano.

"Na ji zai tashi. In bai tashi ba nake tambaya."

Malam Maikano bai ɗago ba. Ya riga ya kwance bayan ordinatar ɗin, kwamfutar da Alkasim ya ɗauko tun daga Dungas a kan kabu-kabu, naɗe cikin bargo kamar jinjiri, ya kara kunnensa a jikin diskin, wato ɗan ƙarfen nan mai girman sabulun wanki wanda inji ke ajiye duk abin da ya sani a cikinsa. Diskin na juyawa, can sai ya yi ƙas, ya ɗan yi shiru, ya sake yin ƙas. Maikano ya san wannan ƙara. Duk diskin da ya fara yin ta kwanansa ya ƙare, sai dai a yi maza a kwashe abin da ke ciki.

Alkasim ya zaro sabon diski daga aljihu, fil a ledarsa, ya ajiye a tebur. Abin da yake so a fili yake: a kwashe komai daga tsohon a zuba a sabon, injin ya farka bai ma san an yi masa ƙaura ba. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne sistam, wanda ke sa inji ya tashi ya gane kansa, domin a cikinsa aka dasa abin da ke tuƙa babbar na'urarsa ta wanke hoto. Na'urar tsohuwa ce, daga Libiya aka kawo ta. Mutumin da ya haɗa ta da injin ya rasu, faifan da ya yi aikin da shi kuwa ba wanda ya san inda ya shiga. In sistam ya tafi, na'urar ta zama tarkacen ƙarfe, sai masu saye a kilo.

"Tsofaffin hotunan da ke ciki fa?" in ji Maikano.

"In sun biyo, to. In ba su biyo ba, masu su sun karɓi nasu tun tuni. Ni sistam ne tuwon gidana. Ranar kasuwar Dungas ina son in gan shi a kan teburina yana aiki."

"Za ka gan shi."

"Malam, da baki kowa ma gwani ne."

Maganar ta sosa Maikano. Ya miƙe, ya nuna nasa injin da ke lulluɓe da tsumma a kusurwar rumfa, wanda da shi yake duk aikinsa.

"In naka bai tashi yadda ka san shi ba, ɗauki wancan."

Labbo mai shayi, wanda teburinsa ke manne da rumfar, ya tsaya da buta a sama. "Malam, kunnenka ya ji abin da bakinka ya faɗa kuwa?"

"Ya ji. Kai ne shaida. In kuwa ya tashi, batirin panon sola ɗin nan da Alkasim ya jingine a bayan ƙofa yana cin ƙura nawa ne."

Alkasim ya yi dariya, suka tafa. Ya sha shayi a tsaye, ya ce zai tsallaka Nijeriya ya sayo takardar hoto, in ya dawo ya biyo ya ɗauki kayansa.

Kafin a faɗi yadda cinikin nan ya ƙare, bari a ce wane ne Malam Maikano, domin saboda shi aka ɗauki alƙalami. Bana ya rufe rumfarsa ta bayan tashar Magariya. Idanunsa sun yi yana, ba ya iya ganin ƙananan kusoshin da ya yi rayuwarsa yana kwancewa. Ba a yi masa walima ba, ba wanda ya zo daga meri, ofishin magajin gari, ya miƙa masa takardar yabo. Ya dai sa kwaɗo a ƙofa wata ranar Laraba, ya ba Labbo bencin da masu jira ke zama, ya tafi gida.

Da gyaran rediyo ya fara, tun lokacin da rediyo ke da daraja a cikin kayan ɗaki. Rediyo ta ja baya, ya koma kaset. Kaset ya mutu, ya koma waya. Da ordinatar ta fara shigowa gari, ya je Damagaram ya zauna gindin wani mai gyara da ya girme wa nesa, yana miƙa masa turnabis na kwance kusa yana kallo, har hannunsa ya faɗa. Kullum bayan sallar asuba ya share rumfa, ya hau kujera ya goge panon da ke kan rufi, domin kuran, wato lantarkin garin nan, ba abin da za a jingina da shi ba ne. Sannan ya zauna ya jira abin da Allah zai kawo: mushen lakwal, wato malamin makaranta, da injinsa ya ƙi tashi ana gobe jarrabawa, ungozomar likita da wayarta ta faɗa randa, ɗan kasuwa da ya sayo inji na hannu a Kano aka cuce shi.

Aikin da aka fi saninsa da shi kuwa shi ne ƙaura. Haka yake kiran sa. Yakan ce wa mutanen ƙauye abin kamar rumbu ne da gara ta ci gindinsa: ka gina sabo, ka kwashe hatsin kafin tsohon ya zube, kuma ka jera shi yadda yake, don maigida in ya sa hannu cikin duhu ya sami abinsa inda ya bari. Yana da wata ɗabi'a da abokan sana'a ke yi masa dariya a kai. Kafin ya haɗa diski biyu, sai ya ɗaura wa tsohon jan zare. Dalili kuwa, a cikin allo duka biyun kamarsu ɗaya, kuma an sha yin masu gyaran da suka juya aikin, suka kwashi wofin sabon suka zuba a kan tsohon, komai ya shafe cikin ƙiftawar ido. Shi bai taɓa yi ba. Sai ya dubi zaren, ya dubi allo, ya sake duban zaren, ya yi bismilla, sannan ya danna.

Kai ne, Malam, wanda rabin asirin Magariya ya bi ta tafin hannunka, ba a taɓa jin ko ɗaya a tasha ba. Ka san wanda ya ajiye mata a Kano gida ba a sani ba. Ka san wanda rawaninsa ya fi abin da ke cikin wayarsa tsabta. Matan aure na aiko maka da waya a cikin ƙunshin zane, ka yi aikinka allon na kallon bango. Labbo ya ga ranar da wani babban alhaji ya kawo maka wayar amaryarsa a ɓoye, yana son ka kwafe masa abin da ke ciki, ya ajiye abin da zai ciyar da gidanka har kaka. Ka tura masa kayansa, ka ce, "Alhaji, ni dako nake yi wa kaya, ba na kwance ƙunshin mutane." Alhajin bai sake gaishe ka ba, kai ma ba ka rame ba.

Wannan ne mutumin da ya tafa da Alkasim. Don haka duk wanda ya ji cewa ya saɓa alkawari, to ya tsaya ya ji yadda aka yi.

Bazara ce, irin wadda kwano ke ƙona hannu. Maikano ya ɗaura jan zarensa, ya haɗa diskin biyu da nasa injin, ya fara ƙaurar. Irin wannan kwafa makauniya ce, daga bakin ƙofa take farawa ta bi ɗaki ɗaki har ƙuryar gida, ba ta tambayar mene ne wannan. Sistam na bakin ƙofa, hotunan Alkasim na shekara da shekaru suna can ƙurya. Aikin na tafiya a hankali, ƙas ɗin nan kuwa sai ƙara yawa take. Maikano ya yi lissafinsa na gwani ya ga cewa in Allah ya so sistam zai ƙetare da ƙyar, amma diskin ba zai kai ƙurya da rai ba. Bai damu ba, ai haka aka yi ciniki.

Wajen azahar aka yi sallama a bakin rumfa. Wata dattijuwa ce, siririya, ƙafafunta fari fat da ƙurar hanya, ta ƙulle wani abu a bakin mayafi.

"Malam, nan ne aka kawo akwatin mai hoton Dungas?"

"Nan ne, Iya. Shigo inuwa. Labbo, ba ta ruwa."

Ta sha, ta yi hamdala. Sunanta Saude, daga wani ƙauye na ƙasar Yekuwa. Amalanke ta hau zuwa Dungas, ta tarar da shagon hoto a rufe, aka ce mata an kai akwatin asibiti Magariya, ta biyo shi a motar 'yan kasuwa.

"Akwai wani yaro a ciki," in ji ta.

"Wane yaro?"

"Wani yaro ne na gidanmu."

"Yaya sunansa?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Maikano ya sake tambaya, a zatonsa ba ta ji ba. Labbo ne ya taɓa shi da gwiwar hannu, ya ce ƙasa ƙasa, "Malam, ɗan fari ne. Ba za ta faɗa ba."

Mutanen yanzu sun fara sakin wannan kunya, amma Saude ta riƙe ta yadda ta gada. Tun da aka yaye yaron kakarsa ta ɗauke shi. Ya girma a gida ɗaya da uwarsa, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tsayawa ta dube shi ido cikin ido ba. In ya shigo gaishe ta, ta amsa tana kallon tukunya. In an yabe shi a gabanta, ta tashi ta bar wurin. Ta san muryarsa, ta san takunsa, ta san ƙeyarsa domin ita take kallo in ya juya zai fita.

Shekarar da tsutsa ta cinye gero, samarin ƙauyen da mata masu goyo suka ɗaura niyyar arewa, wajen Aljeriya. Kafin su tafi sai da suka je Dungas ranar kasuwa, Alkasim ya ɗauke su hoton katin ɗan ƙasa. Motarsu ta lalace a cikin sahara. Waɗanda suka rayu su suka kawo labari. Yaron na cikin waɗanda suka tafi neman rijiya a ƙafa, ba a sake ganinsu ba. Babu gawa, babu kabari, katin da hotonsa ke jiki yana aljihunsa.

"In na rufe ido, Malam, kowa ina ganin fuskarsa. Mijina da ya rasu ina gani, har kishiyar uwata ina gani. Shi kuwa sai ƙeya. Na yi, na yi, ya ƙi juyowa." Ta faɗi haka ba hawaye, kamar mai ba da labarin farashin wake. "Na sha zuwa wurin mai hoton. Yau ya ce mutane sun yi yawa, gobe ya ce akwatin ba shi da lafiya. Ba na ganin laifinsa, mai nema ne. Aka ce mini kai kake fitar da abin da ke cikin akwati."

Ta kwance bakin mayafin za ta fito da abin da ta ƙulle. Maikano ya ce ta mayar.

Ya dubi allo. Sistam bai kai rabi ba. Diskin ya yi ƙas, ƙas, ya yi wani dogon shiru, sannan ya ci gaba. In ya bar aikin ya tafi yadda yake, Alkasim zai sami injinsa, shi ya sami batir, ƙuryar kuwa ta rufta da duk wanda ke ciki. In ya tsayar ya tsallaka ƙurya, sistam ya tafi ke nan, domin diskin ba shi da ƙarfin da zai je ya dawo.

Ya kira wayar Alkasim. Ba ta shiga, ya riga ya tsallaka iyaka. Ya sake kira. Ya fita rana ya ɗaga wayar sama kamar hakan zai yi wani abu, ya sake kira.

Labbo ya biyo shi waje. "Na ga abin da ke ranka. Kada ka yi."

"Me na ce zan yi?"

"Shekara nawa ina ba ka shayi bashi, ban san fuskarka ba? Kayan nan amanar wani ne. Alkasim na da iyali, na'urar nan ita ke ciyar da su. Kai kuma in aka ɗauke injinka da me za ka yi aiki, da turnabis?"

"Gaskiya ka faɗa."

"To, ka ce mata ta yi haƙuri. Ai ta saba."

Maikano ya tsaya a rana yana jin zafin ƙasa ta cikin takalmi. Duk abin da Labbo ya faɗa haka yake, ba ƙari. Bai taɓa taɓa kayan wani ba da izini ba, da wannan ya yi suna, kuma shi ne kaɗai jarinsa. Ya koma ciki ya zauna, ya sa hannu a kan injin, ya ɗauke. Ya sake kiran Alkasim. Saude na zaune a benci ta haɗa gwiwa, ba ta roƙe shi ba, ba ta ma san akwai wani zaɓi a gabansa ba. Diskin na ta ƙas.

"Labbo," in ji shi daga ƙarshe, "Alkasim na san abin da zan ba shi. Ita me zan ba ta? Je ka samo mini ƙanƙara."

Labbo ya tafi yana ƙunƙuni, ya dawo da dunƙulen ƙanƙara daga wurin masu sayar da ruwan sanyi. Maikano ya naɗe ta a leda da tsumma, ya ɗora diskin a kai don zafi kada ya ƙarasa shi. Ya dubi jan zaren, ya yi bismilla, ya tsayar da kwafar sistam.

Alkasim ba ya sa wa hoto suna, kasuwa kasuwa yake tara su, shekara shekara. Suka haɗu su uku suka gano shekarar tsutsa, suka gano kasuwannin bayan kaka. Maikano ya fara jan su zuwa sabon diski, ya juya allon wajen Saude. Fuskoki suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tsaya ƙyam a gaban shuɗin ƙyalle, ya buɗe ido yadda mai hoto ya ce.

Sai ta fara kiran suna.

"Wannan Mas'udu ne ɗan Maikuɗi. Tare suka tafi. Bai dawo ba. Wannan ban san shi ba. Wannan Hinda ce, da goyonta ta tafi, aka dawo da ita a motar gwamnati ba goyon. Allah sarki, Zakariya'u. Shi ya dawo, amma hankalinsa na can. Wannan ma bai dawo ba, uwarsa ta makance. Wannan amarya ce a lokacin."

Labbo ya bar teburinsa ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, wani mai son shayi na ta kira bai ji ba. Maikano kuwa ya daina kallon allo, kunnensa na kan diskin. Ƙanƙarar na narkewa, ruwa na ɗiga a ƙasa. Hotunan suka fara fitowa da tabo, wani da zane a tsakiya, wani launinsa ya juye. Saude na ta kira, wanda ya dawo da wanda bai dawo ba, kuma na biyun sun fi yawa.

Can wani hoto ya fara sauka daga sama a hankali. Hula mai aiki, goshi mai faɗi, gira, idanu, karan hanci zuwa rabi. Daga nan ya tsaya. Abin da ya rage har ƙasa toka ce, fari fari, babu baki, babu haɓa.

Saude ba ta kira suna ba. Ta ja mayafi, ta juya fuskarta wajen bango.

Diskin ya yi wani siririn kuka kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba, ya tsaya. Maikano ya kashe ya kunna, ya sake masa ƙanƙara, ya juya shi, ya ɗan buga gefensa da yatsa. Bai sake motsi ba.

Kai ne, Malam, ka san abin da ya dace a wannan lokaci, abin da ba a koyar da shi a Damagaram ko Kano. Ba ka ce mata ga shi nan ba. Ba ka tambaye ta ko shi ne ba. Ka ƙara girman hoton har ya cika allo, ka miƙe, ka ce, "Labbo, zo mu je ka ba ni shayi," ka saki labulen buhun da ke bakin rumfa, kuka bar ta ita kaɗai.

Sun daɗe a waje. Labbo ya rantse cewa ya ji muryarta ta cikin buhun, ƙasa ƙasa, ta ce, "Hafizu." Ta sake faɗa, kamar mai gwada kalmar a baki. Sannan ta ce, "Ashe idon babana gare ka."

Maikano ya fitar mata da rabin fuskar a wata ƙaramar na'urar buga takarda da yake da ita, ya sa a leda, ya raka ta tasha ya sa ta a mota.

Labbo ya ba shi shawara tun kafin Alkasim ya dawo. "Ka ce diskin ne ya mutu da kansa. Ai ya mutu ɗin. Wa zai sani? Ni ban ga komai ba, shayi nake dafawa." Da ya bi shawarar, da wataƙila Alkasim ya yi faɗa ya huce, ya ji kunyar ɗaukar injin dattijo a kan abin da Allah ya yi. Amma da Alkasim ya shigo da kwalin takarda a kafaɗa, Maikano ya zaunar da shi ya faɗa masa komai.

Alkasim ya miƙe tsaye.

"Wato da ka bari, da ya ƙetare?"

"Ina jin da ya ƙetare."

"Da hannunka ka tsayar?"

"Da hannuna."

"Wa ya ba ka izini? Kayanka ne? In sadaka kake son yi, Malam, ka yi da naka mana! 'Ya'yana su ci rabin fuska?"

"Ba ni da ta cewa. Ga shi can, ɗauki."

Labbo ya so ya shiga tsakani, Maikano ya ɗaga masa hannu. Shi da kansa ya cire wayoyin injinsa, ya naɗe shi a bargon da aka kawo wancan, ya taya ɗan kabu-kabu ɗaurewa. Alkasim bai yi masa sallama ba.

Kafin ranar kasuwa labari ya gama tasha, kuma kamar kullum rabinsa ne ya yi yawo: Maikano ya lalata wa mai hoton Dungas inji da gangan. Masu kawo aikin ofis suka janye. Mushen da ya taɓa ceto wa aikinsa ya fara kai nasa wurin wani. Maikano ya koma gyaran waya da cajin batir, in babban aiki ya zo ya je ya ari inji wurin wanda shi ya koya wa sana'ar. Bai tara abin sayen wani ba har ido ya tafi. Bai taɓa tsayawa a tasha ya wanke kansa ba, domin wanke kan nasa sai ya faɗi abin da ya faru a bayan labulen buhu, shi kuwa ba ya kwance ƙunshin mutane. Yanzu ma sai da aka je har ƙasar Yekuwa aka nemi yardar Saude kafin a rubuta wannan. Ta ce a rubuta, amma kada a karanta a gabanta.

Mun gode, Malam Maikano. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka ga fuskar da kake so ranar da kowa zai nemi ganin ta. Ku kuma samarin da kuka cika bakin tasha da rumfunan gyara, hannunku ya fi nasa sauri, ba musu. Ku ɗaura jan zare. Ku juya allo wajen bango. In kuka saɓa wa mutum, ku faɗa masa da bakinku, ku biya da naku. In da hali ku leƙa shi a gida, yana nan a zaure kullum da hantsi, rediyo a kunne.

Saura a faɗi yadda cinikin ya tashi. Alkasim ya yi asarar babbar na'urarsa, masu kilo suka saye, ya sha wuya har damina. Amma hotunan da aka ceto a kan sabon diskinsa suke, nasa ne. Da Saude ta koma ƙauye da ledarta, labari ya bi gida gida, iyaye da zawarawa suka riƙa zuwa Dungas a amalanke suna neman nasu. Alkasim ya sayi ƙaramar na'ura ya haɗa da injin Maikano, yana fitar musu, har da firam mai ruwan zinariya ga mai hali. Yau shagonsa ƙofa biyu ne. Shi ya ci riba. Maikuɗi ya sami Mas'udunsa cikakke, har da murmushi. Saude ta sami hula da goshi da idanu, tana ajiye su a ƙasan kwalla.

Maikano shi ya faɗi. Inji ya tafi, batir bai zo ba, sunan da ya yi shekaru yana gini ya tsage. Labbo ya tambaye shi kwanan baya ko yana da-na-sani. Ya ce yana yi, kullum. Ba don injin ba. Lokacin nan da ya ɓata yana fita rana yana kiran wayar da ba ta shiga, yana sa hannu yana ɗaukewa, shi ke hana shi sukuni.

"Da na tsayar tun da ta yi sallama," in ji shi, "da ta sami har da bakin."